Kwalta ko kankare: Hukuncin da ya kamata a yanke a ɗakin gwaje-gwaje

Tun daga watan Agustan 2023, lokacin da Injiniya David Umahi ya kama aiki a matsayin Ministan Ayyuka, muhawarar hanyoyin mota a Najeriya ta tattaru a kan tambaya guda: kwalta ko kankare? Ministan bai ɓoye ra'ayinsa ba. A ganinsa, hanyoyin kwalta da ake yi a ƙasar nan ba sa kai shekarun da aka yi musu alkawari, alhali kankaren da aka ɗaure da rodi zai iya kai shekara 50 ko fiye. Ga shi kuma siminti na gida ne, kwalta kuwa sai an nemi Dala an sayo ta daga waje. A kan wannan ra'ayi aka ɗora babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700, da ta Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, da kuma ragowar aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna, bayan gwamnati ta soke kwangilar kamfanin Julius Berger a watan Nuwamban 2024.

Hujjojin ministan suna da ƙarfi, musamman tun da Dalar da ake canzawa ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Sai dai akwai abin da hayaniyar muhawarar ta rufe. Hanyoyin Gwamnatin Tarayya kaɗai sun kai kimanin kilomita 35,000, kuma mafi yawansu na kwalta ne, ban da na jihohi da titunan cikin birane. Ko da baitulmali ya cika ya tumbatsa, ba za a mayar da su kankare a zamanin wannan gwamnati ko mai bi mata ba. Ɗan kasuwar da ke jiran kayansa a Kantin Kwari, da dillalin hatsi a Dawanau, da ma'aikacin da ke komawa Kaduna kowace Juma'a wajen iyalinsa, duk a kan kwalta za su ci gaba da tafiya tsawon shekaru masu zuwa. Saboda haka abin da ya fi shafar aljihunsu shi ne dalilin da ya sa kwaltarmu ke mutuwa da ƙuruciya, alhali a wasu ƙasashe masu zafi irin namu tana tsufa. An daɗe da sanin mafi yawan amsar a ɗakunan gwaje-gwaje.

Abin da muke kira kwalta haɗi ne. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta fasasshen dutse ne da yashi da garin dutse. Ragowar kashi 5 ko 6 shi ne baƙin danƙon nan da injiniyoyi ke kira bitumin, wanda yake saura a gindin tukunya bayan an tace ɗanyen mai. Dutsen ne ke ɗaukar nauyin mota, danƙon kuma ya riƙe duwatsun ya hana ruwa shiga. Wahalar ita ce shi bitumin ba shi da hali guda. Da sanyi yakan ƙage ya yi tauri har ya tsage, da zafi kuma ya saki jiki kamar man shanun da aka bari a rana.

Yadda ake tantance shi a nan ƙasar ya fi shekara 100 da ƙirƙirowa. Ana zuba bitumin a ɗan gwangwani, a daidaita zafinsa a kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, a ɗora masa allura mai nauyin giram 100 na tsawon daƙiƙa biyar, sannan a auna zurfin da ta nutse. Idan ta shiga tsakanin milimita 6 da 7, shi ne samfurin da ake kira 60/70, wanda aka fi amfani da shi a manyan hanyoyinmu. Gwaji ne mai sauƙi da arha, yana kuma da amfaninsa. Amma duk wanda ya taɓa taka titi ba takalmi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san digiri 25 ba shi ne zancen ba. Iska kanta tana wuce digiri 40, baƙin titi kuwa yana zuƙar rana har ya haura 60. Shi kuma samfurin 60/70 yakan fara sakin jiki ne a wajajen digiri 50. Wato a tsakar ranar bazara tirela tana tafiya ne a kan danƙon da ya riga ya yi laushi. Daga nan ake samun dogayen kwaruruka biyu a layin manyan motoci, da tudun kwalta a gefensu kamar an tura tuwo da mara, musamman a hawan tudu, da mahaɗar hanyoyi, da wuraren da tireloli ke rage gudu ko tsayawa irin su Tafa da Mararrabar Jos.

Amurka ta sha irin wannan matsala. A 1987 majalisarta ta ware Dala miliyan 150 domin wani shiri na binciken hanyoyi, wanda a 1993 ya haifar da tsarin da ake kira Superpave. Babban sauyin da ya kawo shi ne a daina tambayar yadda bitumin yake a digiri 25, a koma tambayar zafi da sanyin da zai iya jurewa a wurin da za a shimfiɗa shi. Ana duba kwanaki bakwai mafiya zafi a jere cikin shekara a wannan yanki, da dare mafi sanyi, sannan a zaɓi bitumin da ya ci jarrabawa a tsakanin waɗannan iyakoki biyu. Kafin a gwada shi ma sai an gasa shi a tanda ta musamman an matsa shi da iska, domin a ga yadda zai kasance bayan ya yi shekaru a titi. Da masu bincike a Saudiyya suka yi wannan lissafi, sun gano cewa yankuna da dama na ƙasarsu suna bukatar wanda zai jure digiri 70 zuwa 76, alhali na yau da kullum irin 60/70 galibi yakan tsaya ne a wajajen 64. Najeriya ƙasa ce da ta taso daga dausayin Neja Delta zuwa bakin Sahara. Zai yi wuya hankali ya yarda cewa danƙon da ya dace da Fatakwal shi ne ya dace da Illela.

Gwaji na biyu da ƙa'idojinmu suka dogara da shi shi ne na Marshall, wanda wani injiniya a Jihar Mississippi mai suna Bruce Marshall ya fito da shi a wajajen 1939, sojojin Amurka kuma suka inganta shi domin filayen jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana cika ɗan ƙaramin mazubi da haɗin kwalta, a buga shi da guduma sau 75 a kowace fuska, a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 60, sannan a matse shi har ya gaza. Abin da ake nema shi ne a bar 'yan ƙananan kafofin iska, kashi 3 zuwa 5 cikin 100, a cikin haɗin. Idan kafofin sun yi yawa, ruwa da iska za su shiga su cinye titin. Idan sun yi kaɗan, danƙon ba shi da wurin motsawa in ya yi zafi, sai ya tura duwatsun su zame.

A nan ne binciken cibiyar TRL ta Birtaniya a ƙasashe masu zafi, ciki har da Kenya da Malesiya, ya zo da darasin da ya shafe mu kai tsaye. Masu binciken sun lura cewa bugu 75 na guduma bai kai daɓen da tireloli masu lodin wuce kima ke yi wa titi ba. Haɗin da ya ci jarrabawa a ɗakin gwaji, bayan wata da watanni a ƙarƙashin tayoyi sai kafofinsa su sauka ƙasa da kashi 3, ya lotse. Shawararsu ita ce, a wurare masu tsanani, a daɓe samfurin har iyakar inda ba zai ƙara matsuwa ba, a tabbatar ko a nan ma yana da sauran kafofi. Sun kuma gano wani abu da ya saɓa wa abin da aka daɗe ana koyarwa. A ƙasashe masu zafi tsagewar titi sau da yawa daga sama take farawa, domin rana da iska suna ƙona 'yan milimitocin farko na fuskar kwalta har su bushe su yi gautsi. Da tsagar ta buɗe, ruwan Agusta ya samu ƙofa. Maganinsa mai arha ne: a riƙa shafa wa titin sabuwar fata ta bitumin da ƙananan tsakuwa tun bai tsage ba. Amma wannan aiki ne da ba a yanka masa kirtani, ba a gayyatar makaɗa, shi ya sa ba ya burge masu rabon kasafi.

Shi kansa ruwa yana da nasa babin. Dutsen da ake fasawa a yawancin wurarenmu na Arewa, irin na falalen duwatsun Zariya da Abuja da Bauchi, ya fi son ruwa a kan bitumin, don haka idan damshi ya daɗe sai danƙon ya saɓule daga jikinsa. Ƙara jiƙaƙƙiyar farar ƙasa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rage wannan sosai, kuma gwajin da ke nuna hakan ba ya wuce 'yan kwanaki. Ƙasan titin ma haka. Baƙar lakar nan ta Arewa maso Gabas, wadda a Borno ake kira firgi, tana kumbura da damina ta daddare da rani, kuma duk kyan kwaltar da aka ɗora mata sai ta karya ta, in ba a fara gyara ƙasar da farar ƙasa ko siminti ba. Malaman injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasu jami'o'in ƙasar nan sun shafe shekaru suna nazari a kan wannan laka da kuma marmara. Rubuce-rubucen suna nan jibge a ɗakunan karatu.

Batun da ya fi jan hankalin jama'a a 'yan shekarun nan shi ne ƙara wa bitumin wasu abubuwa domin ya jure zafi. Wanda aka fi amincewa da shi wani sinadarin roba ne da ake kira SBS, yana aiki amma yana da tsada, kuma shi ma na Dala ne. Akwai garin tsofaffin tayoyi, wanda aka fara gwadawa a birnin Phoenix na Amurka a shekarun 1960, Afirka ta Kudu kuma take amfani da shi tun shekarun 1980, inda robar kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na danƙon. Akwai kuma leda. A Indiya, Farfesa Rajagopalan Vasudevan na birnin Madurai ya fito da hanyar yayyanka ledoji a zuba su a kan dutse mai zafi su narke su lulluɓe shi kafin a zuba bitumin, kuma a 2015 gwamnatin ƙasar ta umarci a riƙa amfani da dabarar a kewayen manyan birane. Duk wanda ya ga yadda ledar fiya wata ta toshe magudanan Kano zai so a ce gobe a fara. To amma a yi hattara. Leda iri-iri ce, wata tana fitar da hayaƙi mai guba idan ta ji wuta, kuma haɗin da ya yi tauri ya ƙi lotsewa yana iya saurin tsagewa da sanyin hunturu. Samfurin da ya yi kyau a hannun ɗalibin digiri na biyu bai zama hujjar shimfiɗa kilomita 100 ba. Tsakanin teburin gwaji da babbar hanya akwai matakin da muka saba tsallakewa, wato ɗan yankin titi na gwaji da za a sa wa ido shekaru. Afirka ta Kudu ta ƙera wa kanta na'ura mai tayar babbar mota da ke kai da komo dare da rana a kan ɗan guntun titi, ta yi masa lahanin shekara 20 cikin 'yan watanni. Da irin wannan ta gina iliminta na hanyoyi tun shekarun 1970.

Ya kamata a faɗi kuma cewa dogon rai ba na kankare ba ne shi kaɗai. Wani binciken TRL na 1997 a kan manyan hanyoyin Birtaniya ya nuna cewa idan kwalta ta kai wani kauri, aka kuma yi ta da kyau, gindinta ba ya gajiya. Fuskar ce kawai ke lalacewa, sai a kankare 'yan santimitoci a sake shimfiɗawa bayan shekaru. A kan haka ake tsara hanyoyin kwalta na shekara 40 zuwa sama.

Sai dai akwai abin da babu ɗakin gwajin da zai iya maganinsa, kuma a nan 'yan kasuwa ba 'yan kallo ba ne. Daga 1958 zuwa 1960, a garin Ottawa na Jihar Illinois, an sa sojoji suna zagaya wasu titunan gwaji da manyan motoci masu nauyi daban-daban. Abin da aka gano shi ne ɓarnar da mota ke yi wa titi tana gudu fiye da ƙarin nauyinta nesa ba kusa ba. Idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya guda sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Ƙarin kashi 20 cikin 100 kacal yana ninka ta sau biyu, wato hanyar da aka tsara wa shekara 20 ta ƙare a shekara 10. Dokar ECOWAS ta 2012 ta ƙayyade tan 11.5 ga layin taya guda mai ja. Motar da ta ɗora tan 18 a wannan layi tana cin titi kamar motoci shida. Mai kaya yana ganin ya ci riba da ya cusa ƙarin buhuna a mota ɗaya, shekara biyu bayan nan kuma shi ne ke biyan ƙarin kuɗin mota, tumatirinsa na Kwanar Gafan na ruɓewa kafin ya isa kasuwar Mile 12. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, tun da jirgin ƙasa bai karɓi kayan ba, bututun mai kuma ya bar aikinsa a wuyan tankoki. Hana tankoki masu lita 60,000 da aka fara a watan Maris na 2025 mataki ne, ko da yake haɗurran gobara ne suka jawo shi. Muddin ma'aunan nauyi ba sa aiki a manyan hanyoyi, kankaren ma ba zai tsira ba, gyaransa kuma ya fi na kwalta tsada da ɗaukar lokaci.

Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu kason. Haɗin kwalta yakan fito daga injin dafawa da zafin digiri 150 zuwa 165, kuma dole a gama daɓe shi kafin ya huce. Motar da ta yi awa uku a hanya ba rufi, ko shimfiɗar da aka yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa don a cim ma ranar buɗewa, ko rage rabin kashi ɗaya na bitumin domin a tsira da 'yan miliyoyi, duk ido ba ya ganinsu ranar biki. Abin da ke tona su shi ne a huda titin a ciro ɗan curi a kai ɗakin gwaji, a auna kauri da yawan danƙo da kafofin iska. A yawancin ayyuka ɗakin gwajin da ke wurin aiki ɗan kwangila ne ya gina shi, shi ya sayi kayansa, shi ke zuba wa motar masu sa ido mai. Ba a ce kowa maci amana ba ne, amma tsari ne da ya bar wa kura ajiyar nama. Ga shi kuma lokacin da ɗan kwangila ke ɗaukar alhakin gyara galibi shekara ɗaya ce, alhali aibin haɗin kwalta yakan bayyana ne a damina ta uku ko ta huɗu, lokacin da aka riga aka biya, aka sauya wa jami'in da ya sa hannu wurin aiki, aka bar wa hukumar FERMA faci.

Ba mu rasa cibiyoyi ba. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, tana nan tun 1978, da manyan ɗakunan gwaje-gwajenta a Ota ta Jihar Ogun. Abin da aka rasa shi ne igiyar da za ta ɗaure bincike da kwangila: a ce ba za a biya kuɗin wani sashe na hanya ba sai wani ɗakin gwaji da ba ya cin abinci a hannun ɗan kwangila ya tabbatar da shi, a kuma wallafa sakamakon yadda kowane ɗan jarida ko shugaban ƙungiyar direbobi zai iya dubawa. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da aikin da ya tashi daga Naira biliyan 155 a 2017 zuwa biliyan 797 a 2021, kamar yadda ya faru da hanyar Abuja zuwa Kano.

Ko zancen Dala ma yana da gyara. Ƙasar da ke shigo da bitumin tana zaune ne a kan ɗaya daga cikin manyan ma'adanansa a duniya, a wani zirin ƙasa da ya ratsa jihohin Legas da Ogun da Ondo da Edo. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin Nigerian Bitumen Corporation ya haƙa rijiyoyin gwaji a yankin, kuma har yau a Agbabu ta Jihar Ondo danƙon yana tsattsafowa da kansa. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen fitar da bitumin daga ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi, ga ta nan shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. Siminti kuwa, da ake yi wa kirari da ɗan gida, buhunsa ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ba da gangan ba, Najeriya ta samu filin gwaji mafi girma da ta taɓa samu. A sassan Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano da aka buɗe a watan Mayun 2023, an yi amfani da dabarar niƙe tsohuwar kwalta a sake haɗa ta da ɗan bitumin da siminti ta zama gindi, sannan a shimfiɗa sabuwa a kai. A ɓangaren Abuja zuwa Kaduna kuma ana zuba kankare. Hanya ɗaya ce, kuma yawancin tirelolin da ke taka wannan su ne ke taka wancan, a ƙarƙashin rana da ruwan sama masu kama da juna. Ga kuma hanyar kankare ta Obajana zuwa Kabba mai kilomita 43 da kamfanin Dangote ya gina, wadda ta riga ta sha nauyin motocin siminti na wasu shekaru. Da Ma'aikatar Ayyuka za ta dasa ma'aunin nauyi a kowane sashe, ta ba NBRRI da jami'o'in Zariya da Kano aikin auna zurfin kwari da tsagewa da kuɗin gyara sau ɗaya a shekara, cikin shekara 10 za a san abin da kilomita guda na kowane iri yake ci a ƙasarmu da lodinmu. Awo na farko shi ne wanda ba ya jira, domin sashen Kaduna zuwa Zariya ya riga ya sha damina fiye da ɗaya tun da aka buɗe shi.